Yadda Ake Tsara Ayyuka a Cikin Kilas na Python

A ce kana rubuta manhajar adashi da Python, kilas ɗinka mai suna `Adashi` (kilas shi ne ɓangaren manhaja da ke haɗa bayanai da ayyukan da ke sarrafa su) ya tara ayyuka barkatai, kowanne ka jefa shi a ƙasa ranar da buƙatarsa ta taso. Manhajar za ta yi aiki lafiya lau. Wanda zai ji jiki shi ne mai gyara ta bayan wata shida, ko kai ko wani.

Da farko ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane aiki, a gefensa kuma ka sa bayanan da yake taɓawa. `kara_mamba` da `cire_mamba` jerin mambobi suke taɓawa. `karbi_zubi` da `wa_bai_zuba_ba` suna kan littafin zubi, `mai_kwasa_na_gaba` da `biya_kwasa` kuma suna kan layin kwasa. Ka ga rukuni uku sun fito da kansu.

Sai ka ɗora `__init__`, aikin da ke shirya bayanan farko, a sama, domin nan mai karatu zai fara ganin abin da kilas ɗin ke riƙe da shi. Rukunan su biyo baya yadda adashin kansa ke tafiya: a shiga, a zuba, a kwashe. Kowane rukuni ka sa masa ɗan bayani a kai, kamar `# Zubi`, kuma ka bar layi ɗaya babu komai tsakanin aiki da aiki, yadda ƙa'idar salon rubutun Python, wato PEP 8 ta 2001, ta tanada.

Inda ake samun saɓani shi ne ƙananan ayyukan cikin gida, waɗanda sunansu ke farawa da `_`. Wasu kan tattara su duka a can ƙasa. Ni ban goyi bayan haka ba. Idan `karbi_zubi` ne kaɗai ke kiran `_duba_adadin_zubi`, ajiye shi a ƙarƙashinsa kai tsaye, mai karatu ya huta da hawa da sauka. Tun 1997 kamfanin Sun ya ba masu rubuta manhaja da yaren Java irin wannan shawara, cewa a haɗa ayyuka bisa abin da suke yi, ba bisa wa ke da ikon kiransu ba.

Koma kan takardar nan. Akwai aikin da bai shiga kowane rukuni ba? Misali `tura_sakon_waya`, wanda lamba da rubutu kawai yake karɓa, bai taɓa `self` (sunan da aiki ke bi ya kai ga bayanan kilas ɗin) ko sau ɗaya ba. Wannan baƙo ne, fitar da shi zuwa nasa kilas ɗin.

Wajen matsar da ayyukan kuma ka kula da abu biyu. Idan ayyuka biyu suka zo da suna ɗaya, Python zai ɗauki na ƙasa ya watsar da na sama ba tare da ya ce uffan ba. Sannan `@zubi.setter` (mai saka ƙimar `zubi`) dole ya zo bayan `@property` ɗinsa (mai karanto ta), in ba haka ba kilas ɗin ma ba zai tashi ba. Kada ka haɗa wannan tsari da wani gyara: matsar da ayyukan kawai, gudanar da gwajinka, ka adana shi shi kaɗai a Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare.