Yadda Ake Gano Abin da Ke Damun Murjani Idan Launinsa Ya Sauya

Wanda ya ajiye murjani mai rai cikin tankin gilashi a Ringim ko Bichi ko Gumel ya ɗauko aiki, domin halittar teku ce da ta saba da ruwan da ba ya sauya hali, mu kuwa daga bazara sai hunturu. A cikin naman murjani akwai ƙananan gansakuka da ke haɗa masa abinci da haske, su ne kuma ke ba shi yawancin launinsa. Idan zamansu ya ɓaci, a launi ake fara gani.

Da farko ka haska tocila ka duba shi sosai. Idan ya yi fari amma akwai siririn nama a kansa, 'yan bakunansa kuma suna buɗewa da dare, kodewa ya yi, yana da rai. Idan ƙashi ne tsirara mai kaushi, wajen ya mutu. Idan kuwa ya koma ruwan ƙasa, wannan wata matsala ce daban, za mu zo kanta.

Na biyu, auna zafin ruwa, kuma a wajenmu nan ne cutar ta fi yawa. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Idan ruwa ya daɗe sama da 29 sai ya kori gansakukar jikinsa ya yi fari, abin da ya faru ke nan da murjanin gaɓar Ostareliya a 2016. A watan Afrilu zafin waje kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Kada ka auna da safe kawai ka ce lafiya lau. Auna da asuba, ka sake da la'asar, tazarar da ke tsakani ita ce abin lura. Ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Iskarmu busasshiya ce, shi ya sa wannan dabarar take aiki ƙwarai. Ranar da abin ya yi tsanani, jefa gorar ƙanƙara a rufe, amma a sauke zafin sannu a hankali. Ni a ganina ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi falon siminti dacewa da tanki nesa ba kusa ba. Da hunturu kuma sai hita, saboda sanyin asuba.

Na uku, gishiri. Fankar nan tana ƙafar da ruwa, gishirin kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba, kullum sai ƙara kauri. Ja layi a jikin gilashin, kowace rana ka cike zuwa layin da ruwa marar gishiri wanda injin RO, wato na'urar da ke tace gishiri da sauran sinadarai daga ruwa, ya tace. Ma'aunin kaurin gishiri ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ke kusa da gona yana iya ɗauko sinadarin naitiret daga takin zamani, kan famfo na tagulla kuma yana sakin jan ƙarfe, wanda guba ne ga murjani. Gishirin miya ba ya wannan aikin.

Sai murjanin da launinsa ya koma ruwan ƙasa. Yawanci naitiret da fosfet, sinadaran da ke taruwa daga ragowar abinci da kashin kifi, su ne suka yi yawa, ko haske ya gaza. Rage abincin kifi, ka goge ƙurar hunturu daga murfi da fitila. A ma'aunin ppm na kayan gwajin ruwa, naitiret ya zauna ƙasa da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, amma kada a kai su sifili, nan ma kodewa zai yi don yunwa.

Idan nama ne ke saɓulewa daga gindi zuwa sama, auna alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na hana kansa yin tsami. Riƙe shi wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kuma kada gyaran ya wuce maki ɗaya a rana, don tsallen da yake yi ya fi ƙarancinsa illa. Sinadarin kalsiyam wajen 420, magnesiyam wajen 1300, duka a ma'aunin ppm.

In an ɗauke wuta, famfon da ke motsa ruwa za ka fara ɗora wa batirin sola. Murjani zai jure kwana biyu babu fitila, amma ruwan da ya tsaya cik iskar cikinsa kan ƙare cikin sa'o'i, balle da zafi. Ka kuma roƙi uwargida da yara kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin. In an riga an yi, canza kashi 20 cikin 100 na ruwan, ka sa gawayin tacewa irin na tanki.

Duk abin da ka gano, gyara guda ɗaya ka jira mako biyu kafin ka taɓa wani. Wanda ya kode, sauko da shi ƙasa inda haske bai da ƙarfi, launi kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo. Wanda namansa ke zubewa da sauri, yanke reshen da ke da lafiya, ɗan nesa da inda ya mutu, ka manna shi a wani dutse. Sa safar hannu da tabarau, musamman da irin su Palythoa, wasu dangin murjani masu taushi, domin majinarsu na da dafi mai haɗari idan ta taɓa ido ko rauni.