Matakan shirya wurin wanki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

A Amurka da Kanada gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma sau da yawa can ake ajiye injin wanki. Ga yadda ake tsara wurin.

1. Fara da gwajin danshi. Shimfiɗa leda mai faɗin inci 18 a kan daɓen siminti, ka liƙe gefunanta, ta kwana biyu. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta, ruwa na tasowa daga ƙasa. Gyara magudanar waje tukuna, don bangon da aka rufe a kan danshi fumfuna yake yi.

2. Zaɓi kusurwar da ke kusa da babban bututun ruwan datti da bangon waje.

3. Bututun da injin zai zubar da ruwa ya zama inci 2, tsayinsa inci 18 zuwa 42 daga gwiwar da ke tare wari. In ya yi gajere, ruwa zai malalo. In babban bututun gidan ya fi daɓen tudu, sai an sa famfon tura ruwa sama.

4. A nan aka fi kuskure. Injin busar da kaya yana bukatar bututun ƙarfe mai santsi, inci 4, wanda ya fita har waje. Kada ya wuce ƙafa 35, kuma kowace kwana mai digiri 90 a bututun tana cinye ƙafa 5 daga ciki. Na roba yana tara burbushin tufafi, gobara kan tashi daga nan.

5. Injin wanki na da layin wutarsa daban, amfiya 20. Na busarwa mai lantarki, bolt 240 da amfiya 30. Nemi izinin hukumar gari, ƙwararre ya ja waya.