Kurakuran da kulob ke tafkawa bayan ya sayar da zaratan yaransa

Sayar da yaro ɗan ƙwallo fa ba laifi bane, kulob irin Ajax ta Holan da wannan sana'ar yake rayuwa. A 2019 sun ba Barcelona De Jong, sun ba Juventus De Ligt, kuma duk da haka suka ɗau kofin lig a 2021 da 2022. Ɓarnar tana farawa ne bayan kuɗin sun shigo aljihu.

Babban kuskuren shine a bari masu zaƙulo yaran su fice tare da yaran. A 2022 daraktan Ajax Overmars ya sauka tun Fabrairu, koci Ten Hag ya koma Man United, sai kuma a bazara ɗaya Antony da Martinez suka bi shi, Gravenberch da Mazraoui suka tafi Bayern, Haller Dortmund, gola Onana Inter, to don Allah wa ya rage da ya san yadda ake haɗa tim ɗin? Gyaran nan mai sauƙi ne a baki, ka sayar da biyu bana ka riƙe sauran da sabon kwantiragi, idan kuma koci zai tafi to kar ka yarda darakta da masu farauto 'yan wasa su motsa a shekarar.

Sai siyayyar firgici, wannan ita ta fi ƙona min rai wallahi. A 2023 bayan Timber ya tafi Arsenal, Kudus yaron unguwar Nima ta Ghana da Alvarez sun tafi West Ham, sabon daraktan Ajax Mislintat ya zuba sama da Yuro miliyan 100 a kasuwa, kafin Satumba ta ƙare an sallame shi, a Oktoba Ajax ce ta ƙarshe a tebur, a Afrilun 2024 Feyenoord ta zura musu 6-0. Tottenham ma haka ta yi da kuɗin da ta samu na sayar da Bale a 2013, ta siyo mutum bakwai a lokaci guda, su Soldado da Paulinho, cikinsu Eriksen ne ya fi zama alheri, koci Villas-Boas kuwa a Disamba aka kore shi. Kowa ya san kana da kuɗi, farashi zai ninka maka. Ka siyo biyu ko uku da suka dace da salon wasanka, ragowar ka adana zuwa Janairu ko ka zuba a akadami.

Magaji kuma tun kafin a sayar ake tanadar shi. Brighton ta ɗauko Caicedo daga Ekwado a 2021 da ɗan kuɗi kaɗan, ta tura shi aro Beljiyam, lokacin da Bissouma ya koma Tottenham a 2022 yaron ya riga ya goge, kawai ya gaje shi. A 2023 Chelsea ta biya fam miliyan 115 a kansa.

Sannan kar a kori manya a bar yara zalla. Blind ya bar Ajax a tsakiyar kaka, kyaftin Tadic ya bi bayansa a 2023, ɗakin sauya kaya ya zama ba mai tsawatarwa, dole a Janairun 2024 suka nemo Henderson daga Saudiyya. Ko yaya kasuwa ta yi daɗi, a bar gogagge ɗaya a baya da ɗaya a tsakiya, su riƙe sabbin yaran har su zauna da gindinsu.