Yadda ake gwada famfon kashe gobara da yi masa alama

A Maraɗi, inda yashin damina kan binne gindin famfon kashe gobara, ana fara gwaji da share wurin, sannan a buɗe famfon sannu a hankali har jan ruwan tsatsa ya wuce. Daga nan sai a ɗaura ma'aunin yawan ruwa da matsinsa. Tsohuwar ƙa'idar Faransa tana neman famfo ya ba da ruwa mita kubik 60 a awa ɗaya, da matsin bar 1 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). Rufewa ma a hankali ake yi, domin gaggawa tana iya fasa bututu. A rubuta lambar famfon da ranar gwaji a jikinsa. Tsarin NFPA 291 na ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wanda a ganina ya cancanci koyi, yana shafa wa kan famfo ja idan ruwansa kaɗan ne, shuɗi idan mai yawa ne, domin 'yan kwana-kwana su gane nan take.