Yadda Za Ka Tallabi Abokin Sana'a Idan Damuwa Ta Kama Shi

Mu 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa a Bauchi mun iya ɓoye fuska, shi ya sa damuwar ɗan'uwa kan wuce mu. Horon agajin farko ga masu damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 matakai uku ne: duba, saurara, sada shi da masu taimako.

Dubawar ta fi wuya. Mai raha ya koma shiru a situdiyo, barci ya ƙaurace masa, ko ka hangi tiramol a jakarsa. Kada ka tare shi gaban yaran aiki. Bari a tashi, ku zauna wajen mai shayi, ka ce, "Malam, kwana biyu ban gane maka ba." Sai ka kama bakinka. Ban da "ai kowa da tasa". Addu'a da wurinta, amma ba ta hana ganin likita.

Idan ya fara zancen gajiya da rayuwa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta ingiza mutum. In ya amsa da eh, kada a bar shi shi kaɗai. Kira yayansa ku raka shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU).