Kurakuran da muke tafkawa in muna koyon Sifaniyanci ta hanyar Turanci

Yawancinmu ta Turanci muka shigo Sifaniyanci, ko manhajar koyon harshe ta Duolingo ko bidiyon YouTube, wasu kuma La Liga ce ta ja su suna so su ji abin da ɗan wasa ke cewa bayan an tashi. To sai mu ajiye Hausarmu a bakin ƙofa kamar takalmi, komai sai ya bi ta Turanci tukuna, alhali sau da yawa Hausar ce ma ta fi kusa da abin.

Ɗauki shekaru. Mai tunani da Turanci zai ce soy 30, kuma ba a faɗin haka. Tengo 30 años ake cewa, "ina da shekara 30", sak yadda muke faɗa a gida. Amma dan Allah ka kula da ñ ɗin nan, kamar ny ake furta ta, anyos, in ka tsallake ta ka ce ano to dubura ka ambata. Zafi ma tengo calor ne. Ni kaina na taɓa ce wa malamar da ke koya min ta waya estoy caliente, ana tsakiyar bazara an ɗauke wuta gumi na ta zuba, sai ta yi shiru, can ta fashe da dariya, ashe cewa na yi sha'awa ta motsa min. Wallahi ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ser da estar, waɗanda ke sa masu Turanci ciwon kai saboda su kalma ɗaya gare su, to be. Mu kuwa mun saba raba "ni malami ne" da "ina gida". Na farkon soy profesor, na biyun estoy en casa. Ba kullum yake faɗawa daidai ba amma zai kai ka nesa. Estoy aburrido zaman ne ya gundure ka, soy aburrido kuwa kai ne mai gundurar mutane.

Namiji da mace ma haka, kalma in ta ƙare da a galibi mace ce, la casa, la mesa, kamar riga da mota. Kuma yadda muke da gida da ruwa da suna da suka ƙi bin ƙa'ida, su ma suna da el día, el mapa, el problema, ga la mano, hannu, da o ta ƙare amma mace ce. Ka riƙa haddace kalma tare da el ko la ɗinta tun ranar farko, gyara daga baya shi ne wahala.

Inda Turanci ya fi yaudarar mutum shi ne kalmomin da suka yi kama. Embarazada mai juna biyu ce, ba wadda ta ji kunya ba. Éxito nasara ce, ƙofar fita salida. Librería kantin littattafai, in wurin zama a yi karatu kake nema biblioteca za ka tambaya. Sopa miya ce, sabulu kuma jabón. Waɗannan ba dabara, ka buɗe musu shafi ɗaya a littafinka kawai.

A wajen furuci bakin Bahaushe ya fi na Bature sa'a, wasula biyar ne a e i o u, ka karanta su yadda kake karanta Hausa shikenan. R mai karkarwa ta perro, kare, wadda masu Turanci ke shan wuya kafin su raba ta da pero, amma, mu muna da ita a bakinmu. H ba a furta ta sam, hola ola ce, j kuma daga maƙogwaro take fitowa kusa da kha ta Larabci. Namu ciwon p da f ne. Puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa, sai ka haɗe leɓɓa gam kafin ka saki p ɗin, ka maimaita a gaban madubi in ta kama.

Kar ka ce wa dattijo tú, wato kai, daga haɗuwar farko, usted ake cewa, kamar yadda muke ce wa babba ku, musamman a Meziko da Kolombiya, mutanen Madrid dai sun fi sakin jiki da tú. Sannan coger, a Sifaniya da ita ake kama bas, a Meziko da Ajantina batsa ce zalla, can tomar za ka ce.

In ka ji alcalde kuma kar ka yi zumuɗi irin nawa. Tushensu ɗaya da alƙalinmu, daga Larabci tun zamanin Andalus, 711 zuwa 1492, amma yau shugaban gari ake kira haka. Mai yanke hukunci a kotu juez ne.