Yadda zaka auna dan baya mai kai hari a hokin kankara: alkaluma ko ido?

A kakar 2022-23 Erik Karlsson, dan kasar Suwidin da ke buga baya a San Jose Sharks a lokacin, ya hada maki 101 a wasa 82, kwallo 25 ya ci da kansa, 76 kuma shi ya bayar aka ci. Rabon da dan baya ya kai maki 100 a gasar NHL, babbar gasar hokin kankara ta Amurka da Kanada, tun Brian Leetch a 1991-92. A wannan kakar dai idan ka duba layin da ake lissafa kwallayen da aka ci da wanda aka zura musu yana cikin fili zaka ga -26 a gaban sunansa, kungiyar tasa kuma tana can kasan tebur. An bashi kyautar Norris ta gwarzon dan baya, karo na uku kenan bayan 2012 da 2015, amma har gobe akwai masu rantsuwa cewa mutumin nan bai san tsaron gida ba sam. Wanda ya taba zama a gidan kallon bal ana musu akan Trent Alexander-Arnold ya san irin rigimar, wani yace fasin dinsa babu na biyu, wani yace ai kofa ce a bude. To bari mu bi yadda ake auna irin wannan dan wasa ba tare da an tsaya a ihu ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a takaice: kowane bangare mutum shida ne a kan kankara, gola daya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, ana buga wani dan faifan roba da ake kira pak da sanda, zango uku ne minti 20-20, kuma ana canjin 'yan wasa wasa na tafiya, mutum ya shiga yayi kamar dakika 45 ya fito. Babban dan baya yakan tara minti 24 zuwa 26 a wasa guda. Idan dan wasa yayi laifi ana kai shi akwatin horo, yawanci minti biyu, sai daya bangaren ya samu rinjayen mutum daya, shi ake cewa fawa-file. Ka rike wannan, zai dawo.

Abu na farko, ka ajiye lambar nan ta kari da ragi, irin -26 din Karlsson, gefe guda. Ba wai karya take ba, amma yadda aka gina ta kamar da gangan don a cuci dan baya mai kai hari ne. Kwallon da aka ci a fawa-file ba a bashi kari akanta, alhali nan ne yake aikinsa mai yawa, amma idan abokan hamayya suka kwace suka ci su a wannan lokacin to ragi ne a kansa. Sannan idan kungiya tana bin bashin kwallo daya a karshen wasa koci yakan cire gola ya kara dan gaba, kuma wa kake tsammanin zai bari a ciki, ai sai wanda ya fi iya fasin, to duk kwallon da aka jefa a ragar da babu kowa shi ma ragi ne. Kungiyar da ke yawan shan kashi tana yawan cire gola. Ka kara da cewa gololin San Jose na wannan kakar, James Reimer da Kaapo Kahkonen, babu wanda ya kai tare kashi 90 cikin 100 na bugun da aka yi masa, wanda a NHL rauni ne, sai kaga -26 din ba ta mutum daya bace. Bobby Orr, dan bayan Boston Bruins, yana da +124 a 1970-71, tarihi ne da ba a karya ba, amma ko shi ai Boston ta lokacin ce a bayansa.

Maki ma kada ka hadiye su haka nan, ka fasa su. Nawa ne a biyar-da-biyar, wato kowane bangare da mutum biyar banda gola, nawa ne a fawa-file? Duk dan bayan da aka dora a saman fawa-file na kungiya mai manyan 'yan gaba zai tara maki ko da aikinsa mika pak ne kawai ga na gefe. Sannan a hoki ana ba mutum biyu taimako a kwallo daya, wanda ya bada fasin na karshe da wanda ya bada na kafin shi, shi wannan na biyun akwai sa'a a cikinsa sosai, bana ya yi yawa badi ya ragu ba tare da dan wasan ya canja komai ba. Ka fi kula da kwallo da taimako na farko, ka raba su da mintunan da ya buga, wato nawa yake samarwa a kowane minti 60. A nan Karlsson na 2022-23 yaci jarrabawa da kyau, domin sama da 70 daga makinsa da adadin 'yan wasa daidai ya same su, ba sadakar fawa-file bace.

Daga nan sai ka shiga ainihin lissafin. Corsi shine mafi sauki: duk bugun da aka nufi raga dashi yana cikin fili, ko ya shiga, ko gola ya tare, ko ya fita waje, ko wani ya sa jiki ya kare, sai a kirga na bangarensa da na abokan hamayya. Sunan daga Jim Corsi ne, tsohon kocin gololi na Buffalo Sabres. Idan kasonsa ya haura 50 cikin 100 to wasan ya fi karkata zuwa ragar wadancan. Fenwick haka yake sai dai an cire wanda aka kare da jiki. Amfaninsu shine yawa, kwallaye kadan ne a wasa, bugu kuwa da dama, don haka sa'a bata cika rinjayarsu ba. Matsalarsu kuma bugu daga can bakin shudin layi, wato layin da ke nuna farkon yankin kowane bangare, da bugu daga gaban gola duk daya suke kirga su, shi yasa aka kawo xG, wadda masu kallon bal sun riga sun sani, tana ba kowane bugu nauyi gwargwadon nisa da kusurwa da irinsa. Duk wannan kyauta zaka same shi a Natural Stat Trick da MoneyPuck, Evolving-Hockey da HockeyViz kuma suna da karin zurfi ga mai biyan kudi. Ka tace ya zama biyar-da-biyar kawai.

Amma fa a nan ne mutane da yawa suke faduwa, su dauko kason dan wasa tsirara su kwatanta da na wani a wata kungiya daban. Ka duba bambancin lokacin da yake ciki da lokacin da yake benci. Misali kawai, idan yana ciki kungiya na da 51, ya fita ta koma 45, wannan ya fi mai 55 a kungiyar da ko babu shi 54 take. Rigimar Norris ta 2016 kenan. Karlsson yana Ottawa Senators ya hada maki 82 a wasa 82, ya fi kowa taimako a gasar gaba daya da 66, yana buga kusan minti 29 duk wasa, amma Ottawa bata kai wasannin neman kofi na karshen kaka ba. Drew Doughty na Los Angeles Kings maki 51 gare shi, kungiyarsa a karkashin Darryl Sutter ita ce gwanar rike wasa, Corsi dinsa tsirara ya fi na Karlsson nesa. 'Yan jarida masu zabe suka ba Doughty. Ni a ganina Doughty babban dan wasa ne amma na wannan shekarar Karlsson aka danne, saboda tazarar da ke tsakanin Ottawa mai Karlsson da Ottawa marar shi ta isa hujja.

Kafin ka yanke hukunci ka leka PDO, wato ka hada kason bugun bangarensa da ya shiga raga da kason da golansu ya tare yana ciki. A tsawon lokaci yana komawa kusa da 100. Wanda ke da 103 rana ce ta fito masa, mai 97 kuma kila ba lalacewa yayi ba. Ka duba kuma ina koci yake fara sa shi, a yankin abokan hamayya ko a nasu, da su wa yake shiga, da wa yake fuskanta. Abokan da yake shiga dasu sun fi tasiri akan lambobinsa fiye da wanda yake fuskanta, wannan kam masu lissafi sun dade da lura dashi. Karlsson na Ottawa yana da Marc Methot a gefensa yana share masa baya, Cale Makar na Colorado yana da Devon Toews.

To yanzu ido. Matsalar ido ba makanta bace, zabe ne yake yi. Dan baya mai rike pak da yawa dole zai fi kowa zubar da ita, kuma idan ya zubar a tsakiyar fili aka juyo da gudu biyu-da-daya aka ci, za a maimaita bidiyon har ka haddace. Amma sau goma sha da ya dauko pak daga bayan ragarsu, ya kauce wa mai matsa masa, ya mika ta cikin natsuwa aka fita, babu mai nuna maka, domin babu abin da ya faru, kuma rashin faruwar komai din shine tsaron. Wanda kuma kake gani kullum yana zubewa yana kare bugu da jiki yana buga mutane a jikin katakon da ya kewaye filin, ana cewa jarumi, ka tambayi kanka me yasa kullum pak tana gidansu. Ko lissafin zubar da pak na hukuma ma ba abin dogaro bane sosai, ma'aikatan kowane filin wasa ne ke rubutawa kuma hannunsu ba daya ba.

Don haka kada ka kalli wasa hannu rabbana, ka shiga da tambayar da alkaluma suka baka. Ka zabi wasanni cikakku, ba gutsattsarin bajinta ba, ka hada da wanda aka lallasa su, ka daina bin pak da ido ka bi shi kadai, da takarda a hannu. Idan aka jefa pak bayansa ya juya zai dauko, yana waiga kafada kafin ya isa ko sai ya dauka yake neman mafita? Fita daga yankinsu, da pak a sanda ko da fasin mai kyau yake yi ko kawai ya doka ta a jikin gilashin gefen fili ta tafi wa abokan hamayya? Shiga yankin wadancan fa? Binciken da Eric Tulsky da abokansa suka gabatar a 2013 ya nuna shiga da pak a sanda yana samar da bugu kusan ninki biyu na jefa ta ciki a bi ta, kuma Tulsky din nan shine babban manajan Carolina Hurricanes tun 2024, kaga ba wasan yara bane. Corey Sznajder yana irin wannan kirgen da hannu a aikinsa na All Three Zones, zaka iya gwada naka da nasa.

Bangaren tsaro kuma ido ne sarki gaskiya. Ka kalli tazarar da yake bari tsakaninsa da mai tahowa a shudin layi, yana tare shi tun can ko yana ta ja da baya har cikin gida. Ka kalli sandarsa, tana kan hanyar fasin ko tana lilo. Gaban raga yana daure sandar mutuminsa ko yana tsaye yana kallo. Idan ya fita hari, lokacin da akwai dan gaba da ya rufe masa yake fita ko duk sanda ransa ya so, kuma idan aka kwace yana dawowa da gudu ko da yanga. xG zata gaya maka ana samun damammaki masu hadari yana ciki, amma ba zata ce maka laifinsa bane ko na dan tsakiyar da ya saki mutuminsa ko tsarin koci ne, wannan sai ka gani. A wajen Karlsson, masu sukarsa basu yi karya ba, a San Jose ana kai musu hari mai yawa yana ciki kuma wasu a idonka zaka ga sakacinsa ne. Tambayar dai ita ce abin da yake kawowa ya fi abin da yake zubarwa, kuma a wannan kakar ya fi.

Ido ne kuma zai gaya maka lafiyar jiki. A 2013 takalmin kankarar Matt Cooke ya yanke masa jijiyar agara, a 2017 kuma da tsagewar kashi a dunduniya ya ja Ottawa har wasa na bakwai na karshen yankin gabas, inda Pittsburgh ta fitar dasu a karin lokaci na biyu. Duk wanda ya kalli juyinsa kafin da bayan wadannan ya san akwai abin da tebur baya fada. Idan ido da lamba suka saba, kada ka zabi wanda ya yi maka dadi, ka kara kallon wasanni, ka kuma fadada lambobin zuwa kaka biyu ko uku.

Saura gurbi da farashi, don daraja ba gwaninta kadai bace. Fawa-file na farko yawanci dan baya daya yake dauka. Shekarun da Karlsson yake raba wannan aiki da Brent Burns a San Jose makinsa bai kai ko kusa da 100 ba, aka sayar da Burns wa Carolina a 2022, sai ga 101. A Agustan 2023 Kyle Dubas, babban manajan Pittsburgh wanda aka sani da son alkaluma, ya kawo shi Pittsburgh Penguins inda Kris Letang yake, shi ma dan dama ne mai kai hari, sai makin ya sauko 56 a wasa 82 kuma kungiyar bata kai wasannin kofi ba. Kwantiraginsa na 2019 dala miliyan 92 ne na shekara takwas, 11.5 duk shekara, San Jose ta rike 1.5 Pittsburgh na biyan 10, a gasar da take da iyakar albashi ga kowace kungiya, lokacin dala miliyan 83.5 ne. Don haka bayan ka gama kirge da kallo, ka tambaya ko kungiyar da zata dauke shi tana da kujerar fawa-file a bude, tana da abokin da zai tsaya masa a baya, kuma shekarunsa nawa zasu kai kafin kwantiragin ya kare.